Tsautsayi Ne Ko Ganganci?

 Sa'ad da shugabannin ƙungiya suka nemi kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa domin wannan fitowa, niyyata ta fari ita ce in yi sharhi a kan karin magana, don a nan ne na fi sakewa. To, amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, sai na ga gara in fito da ita fili in ajiye a gaban masu ilmi, ko Allah ya sa a sami wanda zai taya ni warware ta. Tambayar kuwa ba ta shafi manyan al'amura kamar mulki ko yaƙi ko dukiya ba. Ta shafi 'yan ƙananan abubuwan nan ne da muke jin daɗinsu kullum ba tare da mun tsaya mun yi lissafinsu ba, watau irin su shan rake a bakin hanya, da kurɓar shayi mai zafi da sassafe, da jin ɗumin wuta da daren sanyi. Idan irin wannan ɗan daɗi ya juye ya zama cuta, me za mu kira abin, tsautsayi ko ganganci? Sa'an nan mutumin kirki, shin barin daɗin ne ya kamace shi, ko kuwa akwai wata hanya?

A ɗakin kwanana na tsinci wannan tambaya, kuma saura ƙiris ta tafi da ran ƙanena.

A watan Disamba na 2022 na je hutu gida. Duk wanda ya taɓa yin hunturu a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randar nan da ake rububinsa a watan Afrilu ya zama abin gudu, alwalar asuba kuwa sai mai ƙarfin imani. Ɗakin da nake kwana sabon gini ne na bulo da siminti, rufin kwano da silin, taga ɗaya ta ƙarfe, ƙofar ma ta ƙarfe. Mahaifinmu ya gina shi ne domin samarin gida, mu kuwa muna taƙama da shi, don ya fi ɗakin kakarmu na ƙasa kyan gani nesa ba kusa ba. Tare muke kwana da ƙanena, wanda a lokacin yana ɗan shekara 9.

Wani dare bayan sallar lisha na ɗebo gawayi a kurfoti, na hura shi a tsakar gida, na yi ta fifita har hayaƙi ya ƙare ƙaf, garwashi ya yi jawur. Na san hayaƙi ba shi da kyau a ɗaki, wannan kowa ya sani, saboda haka da na ga babu sauransa sai na ɗauka ai magana ta ƙare. Muka shiga da shi ɗaki, muka binne dankali biyu a gefen toka, muka barbaza gyaɗa a kan murfin tukunya. Mai karatu, in ka taɓa zama irin wannan, ka san abin da nake nufi. Iska tana kaɗa kwanon rufi a waje, kai kuwa ka miƙa tafin hannu a kan wuta, ɗumi yana ratsa yatsu ɗaya bayan ɗaya har ya kai kafaɗa. Ƙamshin gyaɗa ya cika ɗaki. Ka ɓare dankali yana turiri, kana juya shi daga wannan hannu zuwa wancan don zafi, kana ci kana hura baki. Yaro ya matso jikinka yana yi maka tambayoyi marasa kan gado, yana cewa, "Yaya, wai da gaske ne a jami'a ba a dukan kowa?" Na ci abinci a wurare masu tsada tun daga lokacin, amma ban tuna wanda ya kai dankalin nan daɗi ba.

Da barci ya fara ɗibarsa sai ya ce, "Yaya, don Allah kada ka fitar da wutar." Ni ma dama abin da raina ke so ke nan. Na ja taga na rufe, na sa tsumma na toshe ƙasan ƙofa inda sanyi ke shigowa, muka ja bargo.

A nan ne akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a gida sai daga baya. Can cikin dare na farka da ciwon kai mai sara, zuciyata tana bugawa da sauri. Tunani ya zo mini sarai cewa ɗakin nan ya yi nauyi, ya kamata in tashi in buɗe taga. Amma bargo da ɗumi, daɓen siminti kuwa na san kamar ƙanƙara yake, sai na ce wa kaina bari an jima. Na juya na koma barci.

Da asuba mahaifinmu ya zo tashinmu salla kamar yadda ya saba. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya kira suna, shiru. Allah ya sa sakatar ba ta da ƙarfi, ya sa kafaɗa ya banke ƙofar. Ni dai na ji muryarsa kamar daga cikin rijiya, na yunƙura in tashi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ƙanena kuwa ya yi amai a kan tabarma, ana girgiza shi ba ya motsi. Aka fitar da mu tsakar gida, mahaifiyarmu tana salati, maƙwabta suka cika gidan. Aka sa mu a motar wani maƙwabci sai asibiti, inda aka sa wa yaron na'urar shaƙar iska. Ni na warware kafin azahar. Shi sai da ya kwana biyu, kuma ya yi kwanaki bayan nan yana kukan ciwon kai.

A ranar na ji hukunci iri uku a kan abu ɗaya. Wata maƙwabciyarmu da ta biyo mu asibiti ta ce lalle iska ce ta taɓa mu, a nemo mai ruƙiyya. Malamin asibitin da ya duba mu ya ce mata, "Ƙwarai kuwa iska ce, Hajiya, amma ba irin wadda kike nufi ba." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne ɗan jami'ar? Wannan ai ganganci ne." Kakarmu kuwa da muka dawo gida ta dafa kaina ta ce, "Bar damuwa maigidana, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Mahaifinmu bai ce komai ba, kuma shirun nan nasa ya fi sauran duka nauyi a wurina.

Kafin mu auna waɗannan hukunce-hukunce, ya kyautu mu san abin da ya faru a ɗakin. Duk sa'ad da gawayi ko itace ko fetur ke ci a inda iska ba ta wadata ba, yakan fitar da wata iska mai guba da masana kimiyya ke kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye kamar hayaƙi. Idan mutum ya shaƙe ta, sai ta maƙale wa sinadarin nan na cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda aikinsa shi ne ɗaukar iskar oksijin ya kai wa gaɓoɓi, kuma ƙarfin maƙalewarta ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Saboda haka mutum yana numfashi lafiya lau a ganin ido, amma jininsa yana yawo babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, watau dai abubuwan da mai barci zai ɗauka gajiya ce. Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Ashe hayaƙin da na tsaya na kora da mafici shi ne ɗan saƙon da zai tashe mu, na sallame shi na shigo da maigidansa. Wannan guba ba ta san malami ba, ba ta san jahili ba. Ita ce ta kashe shahararren marubucin nan na Faransa, Emil Zola, a ɗakin kwanansa a birnin Faris a 1902, saboda bututun fitar hayaƙin murhunsa ya toshe.

Wani zai ce, to kakarku fa, wadda ta shekara da shekaru tana kwana da kaskon wuta? Na yi wa kaina wannan tambaya. Da na shiga ɗakinta na duba da idon basira sai na ga amsar. Ɗakin ƙasa ne mai rufin ciyawa, akwai rata tsakanin bango da jinka, ƙofar kuwa asabari ne kawai ke rufe ta. Iska tana shiga tana fita dare da rana. Ban ce babu illa ba, don hayaƙin shekaru ya taɓa mata ido da ƙirji, amma ginin da kansa yana yi mata tsaron da ita ma ba ta san yana yi ba. Mu kuwa mun gaji al'adar kwana da wuta, sa'an nan muka canja ɗakin. Daɗin ya biyo mu cikin siminti, tsaron ya tsaya a bukka.

Yanzu sai mu koma ga kalmomin, tun da shi ne fagenmu. Bahaushe yana da kalmomi uku a nan, kowace da gurbinta. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗa wa mutum ba tare da yana da hanyar ganin zuwansa ba, kamar reshe ya karye ya faɗo masa yana wucewa a ƙarƙashin bishiya. Ganganci shi ne mutum ya ga rami ƙuru-ƙuru ya jefa ƙafa. Sakaci kuwa yana tsakaninsu, mai shi bai nufi ɓarna ba, amma ya bar abin da ya kamata ya yi, don lalaci ko mantuwa ko son jiki. Abin da na lura da shi shi ne, mukan ɗauki kalmar farko mu lulluɓe sauran biyun da ita. Direba ya yi gudun wuce sa'a ya kife da mutane, a ce tsautsayi. An bar rijiya a buɗe yaro ya faɗa, a ce tsautsayi. Ba na zargin kakata, domin ita rarrashi take yi, ba shari'a take yankewa ba, kuma wanda hankalinsa ya tashi yana bukatar mai dafa masa kai. Kara da kunya su ne suka hana mu tsare mutum da laifinsa a ranar da yake kuka, wannan kuwa hali ne mai kyau. Illar ita ce idan ranar kuka ta wuce, ba mu komawa mu kira abin da sunansa na gaskiya. Imani da ƙaddara bai hana wannan ba, don tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa mai raƙumi ɗaure shi zai yi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah.

To, ni a wane gurbi na faɗa? Na so ƙwarai in fake da rashin sani. Amma masanin nan na Girka, Aristotal, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rarrabe rashin sani gida biyu a littafinsa na ɗabi'u: akwai wanda ke wanke mutum, akwai kuma wanda shi kansa laifi ne, watau jahiltar abin da ya wajaba mutum ya sani kuma yana da halin saninsa. Ni kuwa ko wannan mafakar ban samu ba. Na yi kimiyya a sakandare, na haddace sunan iskar nan, na rubuta shi a takardar jarrabawa aka ba ni maki. Ilmin yana cikin kaina, amma bai taɓa shiga ɗakinmu ba. A nan ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai kowa ya binciki kansa, ilmi nawa ne muke ɗauke da shi wanda iyakarsa zauren jarrabawa? Ko da ma an yafe mini shigo da kurfoti a matsayin sakaci, farkawar nan ta tsakar dare fa? Jikina ya gaya mini gaskiya, na ji, na zaɓi bargo. Likitoci sun ce gubar da kanta tana dagula tunani tana kashe jiki, kuma na yarda akwai wannan. Amma ni na san abin da na ce wa kaina a lokacin, kuma na san dalilin da ya sa na faɗa. Ɗumin ne ya yi mini daɗi.

Bayan wannan abu sai na faɗa wani hali na daban. Na shiga tsoron komai. Na daina cin tsire don an ce ƙura na sauka a kansa, na daina shan fura don ban san ko an dafa nonon ba, na daina hawa babur, in na ga yara sun kewaye wuta a ƙofar gida sai in kore su. Na ɗauka wannan shi ne hankali, watau duk abin da ke da haɗari a bar shi, ai kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Kakata ce ta fara yi mini dariya, ta ce, "Maigidan nawa ya zama waliyyi, saura ka daina shan ruwa kada ka ƙware." Wasa take yi irin na kaka da jika, amma maganar ta zauna mini. Zuma ma ga zaƙi ga harbi, kuma ba a taɓa jin an daina shan zuma ba. Rayuwar yawancin mutanenmu ba ta da manyan bukukuwan jin daɗi. Manomi da ɗan dako da mai tura baro, abin da ke sa yini ya wuce musu da sauƙi shi ne ɗan goron nan, da kofin shayi, da hira a dandali, da ɗumin wuta. Wanda ya ce a bar waɗannan duka don gudun haɗari, ya ɗebe gishirin miya ne ya ce a sha haka nan.

Masana ma da suka yi dogon tunani a kan jin daɗi ba su ce a kashe shi ba. Akwai wani Bagirke mai suna Abiƙur, wanda ya rasu a shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda mutane da yawa suka ɗauka malamin holewa ne. Alhali kuwa a wani lambu ya zauna a birnin Atina tare da almajiransa, abincinsa mai sauƙi ne ƙwarai, kuma abin da ya koyar shi ne a auna kowane daɗi da abin da zai biyo bayansa, in wahalar da ke tafe ta fi shi yawa a bar shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan horar da sha'awar ciki, kuma inda ya nufa shi ne tsaka-tsaki, kada ciki ya mallaki mutum, kada kuma yunwa ta hana shi ibada. Wannan awo yana da amfani. Sai dai da na gwada shi a kan darenmu, na ga akwai abin da ya rage. Awon yana ɗora daɗina a hannu ɗaya, wahalata a ɗaya hannun. A ɗakinmu kuwa mu biyu ne, kuma wanda ya fi shan wahalar ba shi ne ya yanke shawarar ba.

Akwai kuma masu cewa, jikina ne, ina ruwan wani? Bahaushe ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wani Bature ɗan Ingila, Jon Situwat Mil, ya gina littafi guda a kan irin wannan ra'ayi a 1859, inda ya nuna cewa jama'a ba su da ikon hana baligi mai hankali abin da shi kaɗai zai cutar, sai fa in cutar za ta taɓa wani. Na yarda da rabin farko na maganar gwargwadon hali, amma rabin na biyu ne ya fi damuna, domin da na zauna na ƙirga, sai na ga 'yan daɗin da ke tsayawa a bakin mai su ba su da yawa. Mai cin goro, rinewar haƙori da rashin barci nasa ne, wannan gaskiya ne. Amma mai shan rake fa, da ya watsar da ɓawo da tuƙa a kan hanya? Zaƙin ya tafi da shi gida, santsin ya bar wa tsohon da zai wuce da sanda. Mai shan ruwan leda ya kashe ƙishirwarsa ya yar da ledar, ta bi ta toshe kwata, da damina ruwa ya shiga gidan da ya fi kowane gangare a unguwar. A nan ma irin labarin ɗakin kakata ne. Da can a ganye ake ƙunshe abinci, in ka yar akuya ta cinye ko ya ruɓe, yau hannun bai canja ɗabi'arsa ba amma abin da yake yarwa ya canja, akuyar ma in ta haɗiye shi cuta ce a cikinta. Mai janareta yana kallon ƙwallo cikin fanka, bututun injin kuwa yana fuskantar tagar maƙwabci, kuma iskar da ke fita daga cikinsa ita ce dai wadda ta kwantar da ƙanena. Mai babur yana amsa waya yana dariya da hannu ɗaya a kan kambu, ga mace da goyo a bayansa.

In ka duba waɗannan duka za ka ga abu ɗaya. Haɗari kamar ruwa yake, gangare yake bi. Daɗin yakan tsaya wurin mai ƙarfi, cutar ta gangara wurin yaro da tsoho da makaho da mai ciki. A ma'adinan kwal na Ingila an daɗe ana shiga rami da tsuntsun kanari a keji, bisa shawarar wani masani mai suna Jon Haldan, domin tsuntsun ƙarami ne kuma numfashinsa da sauri, in gubar nan ta taru shi take fara kayarwa, sai ma'aikata su gani su gudu. Ba a daina wannan ba sai a 1986, da aka sami na'urorin da suka maye gurbinsa. Ranar da na karanta wannan labari sai da na ajiye littafin. Yaro ma jikinsa ƙarami ne, numfashinsa ya fi na babba sauri. Ashe a daren nan ƙanena ne kanarina, ni ban sani ba.

Wani abokina da na ba shi labarin ya ce, ai yaron ne da bakinsa ya roƙa a bar wutar, don me za ka ɗora wa kanka duka? Wannan magana ba ta shige ni ba. Ɗan shekara 9 da ya ce a bar wuta, ɗumi ya roƙa, kuma ya roƙa ne don ya tabbata in da cuta a ciki yayansa ba zai yarda ba. Ya kwanta ya yi barci a kan wannan tabbaci. Malam Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma, daga cikinsu akwai hankali da amana. Da muna karanta ta a aji, na ɗauki amana a matsayin kuɗi ko kaya da aka ba ka ajiya. Yanzu na gane wanda ya kwanta kusa da kai ya rufe ido, shi ma ajiya ya ba ka. Haka fasinjan da ya hau bayan babur, haka baƙon da ya karɓi abin da ka miƙa masa ya ci bai tambaya ba. Yawancin amanar da ke wuyanmu a yini ba wanda ya furta ta, kuma ba a gaban shaidu aka ba mu ba.

Na san za a ce, in haka ne rayuwa ba za ta yiwu ba, don babu motsin da mutum zai yi wanda ba zai iya taɓa wani ba, kuma wannan hanya ce ta waswasi. Akwai gaskiya a ciki, na kuwa ɗanɗana waswasin na ji ɗacinsa. Amma a nawa ganin, in aka bi misalan nan ɗaya ɗaya, za a tarar abin da ake nema a wurin mai jin daɗi ɗan kaɗan ne. Ba a ce ya bar rake ba, tara tuƙar kawai zai yi a gefe. Ba a ce ya kashe janareta ba, nesanta shi zai yi da ɗakunan kwana, nasa da na maƙwabci. Ni ma ba wanda ya hana ni dankali da gyaɗa da hira da ƙanena. Abin da aka nema a wurina shi ne in ɗauki kurfoti in kai waje kafin in kwanta, in jure sanyin taku goma. Wannan ɗan guntun wahala shi ne muke ƙin ɗauka, sai mu tura wa wani babbar.

Inda maganar ta fi ƙarfina shi ne wurin wanda ba shi da zaɓi. Maigadin da ke kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa ba shi da bargo, da almajiran da ke cunkushe a zaure cikin tsumma, wutar da suke hurawa ba marmari ba ce, da ita suke kai safiya. In na je na yi musu lacca a kan jajayen ƙwayoyin jini, za su saurare ni da ladabi, in na tafi su hura wutarsu, kuma ban ga laifinsu ba. A nan tambayar ta tashi daga kansu ta koma kan mai gidan da ake gadi, da mu da muke wucewa ta gabansu da rigunan sanyi biyu biyu. Wannan kuwa magana ce mai tsawo, na bar wa waɗanda suka fi ni sani su ɗora a fitowa ta gaba.

Da hunturun 2023 ya zagayo na sake zuwa gida. Daren farko ƙanena ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, akwai dankali a madafa." Na gane inda ya nufa. Muka hura kurfoti a tsakar gida, a gindin bangon da ke tare iska, muka shimfiɗa tabarma. Kakarmu ta fito da mayafinta ta zauna, ta ce a gasa da ita, in dai waliyyi ya yarda. Muka ci, muka yi hira har mahaifinmu ya yi gyaran murya daga ɗakinsa. Na ɗebo ruwa a buta na kashe garwashin, na tsaya har ya daina huci. Sa'an nan muka shiga ɗaki da gudu muna rawar ɗari, muka shige cikin barguna biyu da na sayo a kasuwa da ragowar kuɗin makaranta. Ɗakin ya yi sanyi ƙwarai a daren nan, kuma yaron ya yi ta mita har barci ya ɗauke shi.